Faranti na Tara

Ƙarfe biyu na dare a Harobanda.
Wuta ta ɗauke, ta dawo, tana shawarar sake tafiya.
Assumana mai gadi ya kashe rediyonsa,
ya bar ni da faranti goma sha shida
da warin ƙullun da ya kwana.

Yis nake kiwo.
Kada ki yi dariya, Inna.
Shi ne dai na ƙullin leda, na dala biyar,
wanda kike saye a kantin Illa
ki barbaɗa a kwaɓin fanke
tun ladanin tashar Tawa bai yi gyaran murya ba.
Ke kina ce masa gari.
Ni na leƙa ta madubi, garke na gani.

Aikina in cuce su.
Ruwan nan mai kumfa da likita ke zuba wa gyambo,
shi nake ɗiga musu a tsakar faranti.
Da safe in tarar da fili kewaye da ɗigon,
fetal, kamar inda gobara ta ci kara,
in ɗauko ma'auni in auna faɗin mutuwa.

A cikin kowace ƙwaya akwai wani ɗan aike.
Ranar lafiya ba a barin sa ya zauna:
ya shiga ɗakin da rubutun gado yake,
a koro shi, ya koma, a koro shi.
Amma da guba ta taɓa shi
sai ya dunƙule kamar bushiya,
mai korar ya rasa inda zai kama.
Ya zauna ciki daram,
yana buɗe shafi bayan shafi, yana tashin gida.
Wasu su fasa gubar ta koma ruwa da iska.
Wasu su ja ƙarfe mai dafi zuwa rumbu su liƙe.
Wasu su dafa wani sukari,
ba na sha ba, na tsare jiki.

Wata uku ina fama
kafin in goge sunansa daga rubutun.
Faranti na tara ke nan: fili har kusa da baki.
Na ɗauka zan yi guɗa.
Kujera na jawo.

Ga wanda ya hana ni barci:
waɗanda na ɗanɗana wa kaɗan da yamma,
da na kwarara musu, sun tsaya.
Waɗanda na lallaɓa su ne suka tafi.
Na san me za ki ce, kina juya matsami:
"To, da me nake gaya miki?"
Tsaya, Inna, ban gama ba.
In ɗigo ya wuce ƙima, babu darasi,
fili ne kawai.

Kuma ba su haihuwa irin tamu.
Ƙurji ne ke fitowa a gefen uwa, ya yi ta girma.
Duk abin da guba ta ƙona a cikinta,
duk tarkacen da ya ƙi gyaruwa,
uwar ke riƙewa.
Ƴar ta ɓalle tas, ba ta ma waiwaya ba.
Sai tabo, zagaye, kamar sawun zobe.
Na ƙirga wa wata ashirin da uku,
daga nan ba ta ƙara ba.

Ban taɓa ƙirga na wuyan hannunki ba,
inda mai ya yi ta fallatsa shekara talatin.
Tarin nan da kike ɓoyewa in na kira,
kina cewa layi ne ba shi da kyau,
ina ji.

Na rubuta: milimita talatin da ɗaya.
Gari ya fara wayewa a kan kogi,
mai burodi ya hau gada da kekensa.
Na danna lambarki.
Hayaƙi ne ya fara amsawa, sannan ke.

"Kwaɓin ya tashi?"
"Ya tashi. Naki fa?"