Ɗan Aike

Ran Laraba aka ɗebi jinina,
bai cika cokalin shayi ba.
Malama Sahura ta ɗaure min dantse da roba,
ta ce, "Dunƙule hannu, Alhaji."
Ni da na saba dunƙule kuɗin shadda a Kwari,
sai ga ni ina kau da kai daga allura
kamar yaron da aka kai gaban wanzami.

Bayan mako biyu takarda ta fito.
Na zaci magana ɗaya ce, irin ta ciniki:
ko an sallama, ko albarka.
Ta ce, "Ba ka da ciwon suga."
Na fara lalubar takalmina da ƙafa.
Ta ce, "Zauna tukuna."

Ta ɗora bakin biro kan wasu lambobi
ƙanana, kamar ƙwayar gero a faifai.
"Jiki injin niƙa ne," in ji ta.
"Duk abin da ka zuba masa sai ya bar tsaki a jini,
na nama daban, na maiƙo daban.
Waɗannan ukun sun ɗaga kai.
Ba baƙon ne ya iso ba,
ɗan aikensa ne ya yi sallama a zaure.
Ko nan da shekara biyar, ko goma,
ko ya ɓata hanya, in ka sauya masa kwatance.
Ba duba nake maka ba. Lissafi ne,
lissafi kuwa yakan kuskure."

Na tuna Inna Tabawa a Yakasai.
Kiyashi ne ya fara gane ciwonta,
ya yi layi a makewayi kafin kowa ya sani.
Aka ce sammu ne, aka ce maiƙo ne,
aka jiƙa shuwaka, aka sha rubutu.
Randa guda take shanyewa, ƙishi na nan.
Babban yatsa ya tafi,
ƙafar ta bi shi,
daga baya take gane mu da murya.
Ita ma an aiko mata, ashe.
Babu dai mai karanta wasiƙar.

Daga Nassarawa na hau adaidaita.
Kowace kwana da abin da ke kirana da suna:
gurasa ta sha ƙuli da mai,
balangu na tsiyaya a takarda,
lemon kwalba na gumi cikin ƙanƙara.
Tumbina ya riga ni shiga rumfa, yadda ya saba.
Shekara nawa Barau na shafa shi yana dariya,
wai alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba.
Yau ban taya shi ba.

Ɗan'azumi mai shayi ya san hannuna:
cokali uku, madara har ta yi kauri.
Na ce, "Rabi."
Ya dube ni kamar na musa bashi.
"Karayar arziki ce, Alhaji?"
Na ce, "A'a, ajiya nake."
Na kurɓa. Ruwan zafi ne da ganye,
ba zan yi ƙarya in ce ya yi daɗi ba.

Bayan la'asar na rufe rumfa,
na taka da ƙafa har Gwammaja.
Gwiwa ta yi ƙorafi tun daga Fagge,
wani yaro ya tsaya zai rage min hanya,
na ɗaga masa hannu ya wuce.

Takardar tana aljihun gaba,
ninki huɗu, cikin littafin masu bashi.
Wannan ne kaɗai shafin da sunana ke sama.
Da dare Uwale ta kawo tuwo, malmala uku.
Na ci ɗaya da rabi, na rufe kwano,
na daɗe zaune ina kallon yatsun ƙafata,
duk goma,
ina motsa su ɗaya bayan ɗaya.