Juyin Ƙarfe Biyu

Ƙarfe biyun dare, wayata ta yi ƙara.
Garwa na barci, ban da injin asibiti
da ni, da Baba Tanimu,
wanda motar auduga ta jefar a hanyar Pitowa.
Tun ranar, daga ƙugu zuwa ƙasa ba nasa ba ne.

Hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a kwankwaso,
bismillahi, na mirgina shi hagu.
Ga tabon nan a gindin baya,
ja, faɗin bakin kofin shayi.
Na danna da yatsa, ya ƙi yin fari.

Hamajoda, nas ɗin dare, ya haska tocila,
ya ce kada fata ta ruɗe ni.
Tsoka ke fara mutuwa, can ciki, jikin ƙashi,
kamar mangwaro mai kyan ɓawo
da ya soma ruɓa daga wajen ƙwallo.
Ƙashi ya danne, katifa ta tokare,
jijiya a tsakani ta shaƙe,
nama ya kwana da ƙishi.

Na ce, to ai na ɗaga shi,
jini ya koma gida, shi ke nan.

Ya gyara ledar ruwa, bai dube ni ba.
Ya ce, kai ɗan bakin Binuwai ne,
ka tuna shekarar da aka buɗe Lagdo?

Na tuna.
Masararmu ta yi yaushi, muna ta duban kogi.
Dare ɗaya ya zo, ba sallama,
ya kwashe gona har da kunyoyinta,
ya bar mana taɓo da mushen kifi.
Ruwan da muka roƙa ne, ba wani ba.

Haka jini yake, in ji shi, in ya daɗe a tsare.
Da fushi yake dawowa,
iskar da ya ɗauko ta zama garwashi
a cikin naman da ya gaji da jira.
Toshewa ta soma ɓarna,
buɗewa ta ƙarasa.

To in bar shi a gefe guda ke nan?
A'a, kada dai ka bar madatsa ta cika.
Awa biyu, juya.
Matashi tsakanin gwiwoyi, diddige a sama,
zani ba tamoji, ba danshi.

Baba ya buɗe ido ɗaya.
Kai Ɗanjuma, ya ce,
ko tarwaɗar da ke kan wayar gashi
ba ta sha juyi haka ba.
Muka yi dariya, ni da shi.
Bai san da tabon ba. Ba ya jin sa.
Ni nake ji masa.

Na sa waya a ƙarfe huɗu.
Kafin ladan ya gyara murya
zan mayar da shi dama,
a hankali,
kamar mai buɗe wa albasa ruwa da tafin hannu.