Takardar Mai Unguwa

Mai unguwa ya aiko Iro da takarda,
fara, mai layi-layi, da biro a maƙale.
Wai doka na tafe daga Katsina:
mai bindiga ya kai ta Batsari a buga mata lamba,
wadda ba ta da lasisi ta kwana can.
Ni kuwa, tunda daga hannuna suka fito,
in rubuta wa da wa na ƙera wa.

Na ajiye masaba, na bar zugazugi ya huta.
Shekara arba'in ina bakin wutar nan,
talatin da uku garma ce da lauje da wuƙar fawa.
Ubana bai koya mini bindiga ba.
Daren da aka kore shanun unguwarmu na koya,
da bututun famfo da icen marke.
Ashirin da uku na yi, kuma na san halin kowace:
mai taurin kunama,
mai tofar da wuta ta gefe,
mai ƙin tashi in damina ta zauna.

Kafin la'asar maƙera ta cika.
Rabe ya zo da tasa cikin buhun taki.
Ya ce, "Akuya uku na sayar, da ɗinkin sallar yara.
Ran da mutanen daji suka shigo,
ƙarfe nawa motar hukuma ta iso?
Sai da muka rufe mutum shida.
Wanda bai zo mini da dare ba,
shi zai karɓe ta da rana?"
Ba wanda ya tanka, sai gawayi ke ƙara.

Barau maharbi dariya ya yi.
Tasa ta kakansa ce, ta girmi mai kafa dokar,
gada da zabo kaɗai ta sani.
"Lamba? To a buga wa karena ma."

Malam Sada ya gyara zama ya ce,
"In kowa ya ajiye, ai sai a yi barci."
Wani yaro daga baya ya ce,
"Malam, na cikin Rugu ma za su bi layi?"

Hure ba ta shigo ba.
Daga gindin bedi ta tsaya, lulluɓi har ido.
Ta gidansu ce ta bakwai da na ƙera.
Bara, Ma'aru ya jawo ta daga ƙarƙashin gado
don ya nuna wa ƙanwarsa yadda baba ke yi.
Ta ce, "Baba maƙeri, ka fara da tamu."
Ta juya. Ban ga wanda ya ɗaga kai ba.

Akwai kuma wanda ba a ambata a nan.
Jaɓɓi, mai kiwon tumaki,
da ke kawo mini gatari in gyara masa.
An tsince shi a hanyar kasuwa, aka ce ɓarawo ne.
Na ga gutsattsarin ƙarfen da aka ciro.
Ni na yanka su.

Yanzu dare ya yi, fitila na cin batir.
Takarda ba ta da ƙyaure.
Wanda ya karanta gidan da ke da ita
ya karanta gidan da babu,
kuma gari bai rasa mai dogon kunne.
In na rubuta, na buɗe ƙofofi.
In na ƙi, da wane ido zan dubi Hure?

Na sa lamba ta ɗaya.
Na rubuta Nababa Maƙeri, wato ni.
Biro na kan layi na biyu
sai karnuka suka ɗauka daga yamma.

Na kashe fitila.
Na miƙa hannu bayan tabarma.