Mai Gadin Ƙofa ta Bakwai

Ni ne mai murɗa makullin ƙofa ta bakwai
a bakin magudanar da ta taso daga Sinnar.
Tafin hannuna ya san tsatsar ƙarfen nan
fiye da yadda ya san kan 'ya'yana.

Da asuba Awadul Karim yakan aiko da takarda:
"Juyi huɗu da rabi, kada ka ƙara."
Shi a jikin lamba yake karanta ruwa,
ni a gwiwata nake jin sa.

Kakana Barau da ƙafa ya taho daga yamma,
Makka ya nufa, guzuri ya ƙare a nan.
Ya yi dakon dutse a ka
har bango ya miƙe, kogi ya durƙusa.
Bai ga Ka'aba ba.
Yakan ce: na dai tare wa bayin Allah ruwa,
in an ga dama a rubuta.

Can ƙarƙashin bangon injuna na gurnani,
ruwa ya shiga, ya fito wuta,
ta hau waya ta bi ta kanmu
zuwa Madani, inda fanka ke fifita masu barci.
Mu a Maiwurno in ta leƙo yara su yi shewa,
in ta ɗauke Tasalla ta lalubo fitila,
ko tsaki ta daina.

Jiya bayan lisha Gambo ya zo
da dabino ƙulle a gefen rawani.
Gonarsa ce a wutsiyar magudana,
dawarsa ta fara naɗe ganye.
"Rabin juyi, Malam. Wa zai sani?"
Na ce ruwa ba ya riƙe asiri,
gobe audugar sama za ta kai ƙara.
Ya tafi, ya bar ƙullin.

Na zauna. Kwaɗi suka yi ta gardama.
Na tuna lakar da ke taruwa a gindin bango,
ƙasar Habasha da ta zo baƙunta ta ƙi komawa,
tana cin mazaunin ruwa sannu-sannu
yadda shekaru ke cin ƙuguna.

Wajen ƙarfe uku na miƙe.
Makulli ya yi ƙara, na ce masa rufa mini.
A littafi na rubuta huɗu da rabi.
Abin da hannuna ya yi kuwa,
shi da Barau su je su yi bayani.

Dabinon yana nan bisa taga.
Ban taɓa ba.
Tururuwa sun gano shi.