Sallama a Ƙofar Rumbu

Ƙarfe biyun dare a Samaru.
Janaretan maƙwabci ya yi tari, ya yi shiru,
saura kashi sha tara a batirina.

Manhaja na nan, fes da ita.
Rumbun bayanai na can, maƙil
da bashin shekara goma sha ɗaya
na kemis ɗin Alhaji Lauwali na Tudun Wada,
wanda yaronsa Nazifi ya kwafe daga tsofaffin littattafai.
Amma sun ƙi gaisawa.

Na rubuta sunan gida,
na rubuta lambar ƙofa,
na miƙa kalmar sirri hannu bibbiyu.
Jan rubutu ya fito: ba mu san ka ba.

Na sake sallama.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Na bi layukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya,
yadda Inna ke tsince tsakuwa a shinkafa.
Ashe ɗan fili ne
da na bari a wutsiyar kalmar sirri,
abin da ido ba ya gani.
Awa uku ya ci mini.

Na goge shi. Ƙofa ta buɗe.

Ciki, jadawalin mutane na gefe guda,
na magunguna na gefe guda,
na bashi a tsakiya, riƙe da hannun kowa.
Lamba ɗaya ce zumuncinsu:
ja ta nan, can ya motsa.

Don gwaji kawai na ce,
kawo mini duk mai bashin da ke Ƙofar Doka.
Layi bakwai suka sauko.
Na huɗun
Malam Isiyaku mai gyaran rediyo.
Babana.

Maganin hawan jini, wata tara a jere,
daidai shekarar da nake aji uku a jami'a
ina yi masa waya kan kuɗin rajista,
yana cewa kada in damu.

Na matsa ginshiƙin ƙarshe.
Ba a biya ba.
Kusa da shi, kalma ɗaya daga alƙalamin Alhaji:
an yafe.
Kwanan watan, ranar sadakar uku.

Saura kashi huɗu.
An koya mana, in ka buɗe haɗi ka rufe,
kada ƙofar rumbu ta kwana a buɗe.
Na rubuta layin rufewa.

Ban danna ba tukuna.