Kwanan Wata Na Sani

Na sauka tashar Jega da hantsi,
da kwandon albasa, jajaye, zaɓaɓɓu,
waɗanda na hana kasuwa.
Luba na biye, ta rungume takardunta a leda
kamar mai ɗauke da ƙwai.

An ce bayan masu walda, daf da mai cajin waya,
akwai wani Malam Jabbi,
shekara talatin yana raba takardun jarrabawa,
ya aje aiki, ya buɗe shago,
yana nuna wa yara ƙofar jami'a.

Benci ɗaya, fanka mai tari,
kwamfutar da aka ɗaure wa ƙugu da salatif,
kalanda uku a bango, jan biro ya cinye su.
Na aje kwandon inda ido zai faɗa,
na rage murya na ce, Malam,
wa ka sani a can ciki?

Ya ce, ban san kowa ba.
Kwanan wata na sani:
ranar buɗewa, ranar rufewa,
da abin da ke cin yaro a tsakaninsu.

Maki ɗari biyu da uku.
Ya daɗe a kansa, kamar mai duba haƙorin sa a kara.
Ni kuwa likita na zo nema,
tun daren da muka kwana a barandar asibiti da ƙanenta
na shuka wannan a raina.
Ya ce, amalanke ba ta ɗaukar kayan tirela.
Duk wanda ya ce maka za ta ɗauka,
kuɗin buhu biyar yake hange.
Na ji zafi. Na dubi kwandona,
har na yi niyyar ɗaukewa.

Sai ya juya ga wadda ban taɓa tambaya ba:
ke, mi kika so?
Ta yi shiru. Ya shiga karanto mata darussa
na nan Aliero, ƙofar gida, ba haya, ba kuɗin mota.
Da ya kai kan ilimin ƙananan halittu ta ɗago.
Ta ce, Baba, su ne ke shiga rudu
su mai da buhu goma shida.
Shekara ashirin ina zagin zafi da raɓa,
ashe ɓarawon na da suna,
har aji ake shiga dominsa.

Sannan kuɗi. Ya ja layi a farar takarda.
Rajista, littattafai, farar rigar ɗakin gwaji.
Tallafin jiha, ya ce, a cike shi,
a nemo shaidar ƙaramar hukuma tun yau,
amma kada ka ɗora tukunya dominsa,
yakan zo, yakan makara.
Lamunin gwamnati akwai shi, bashi ne,
wuyanta zai hau, ku kwana da maganar.

Buhu nawa kake samu? Yaushe kake sayarwa?
Na ce, da an cire.
Ya ce, wato ranar da kowa ke sayarwa.
Nan na gyara zama, an shigo gonata.
Na ce, in na riƙe sha biyu har bayan damina
huɗu za su ruɓe,
takwas su biya abin da ashirin ba su biya ba.
Ya rubuta takwas.
Ban taɓa ganin biro ya bi bakina ba sai ran nan.

Kuɗin shawara dubu uku, har da rasit.
Albasa biyu ya ɗauka, na miyar dare.
Sauran, ya ce, a mai da su rudu,
sun riga sun shiga lissafi.

A mota Luba ta yi barci, leda a cinya.
Takardar tana aljihuna,
an kewaye sha huɗu ga wata da ja.
Ban yi boko ba, amma wannan na iya karanta shi,
duk ramin da muka faɗa sai na taɓa.
Likitan da na zo da shi bai hau motar ba.
Na baro shi kan benci, ƙarƙashin fanka,
kuma har muka wuce gada
ina waiwaya.