Ƙarfe Ukun Dare a Hsinchu

Iska na dukan taga,
taliyar Pei-shan ta huce a kwali.
Allon ya sha wuta, ko tari bai yi ba,
sai 'yar koriyar fitila ke ƙifta ido.

Manhajar tashi ce baƙuwa a gidanta:
ga katin ajiya a maƙale,
ba wanda ya haɗa su gaisawa.
Da ɗan gari akan ci gari.
Pei-shan ta lalubo direbansa,
ta buɗe layin da aka rufe tun bara.

Wuri ya gaza da kilobait tara.
Ta sallami direban intanet, gobe ma rana ce.

Ta sake kunnawa.
Shiru. Shiru dai.
Can sai rubutu ya gangaro,
ya ambaci katin da sunansa, har da girmansa.

A tsaye ta cinye taliyar.